Asalin Kalma: Bangaskiya

Bangaskiya kalmomi biyu ce da suka haɗe: "ban" da "gaskiya". Wannan "ban" daga aikatau "ba" ya fito, shi ne muke ji a ban kwana, ban girma, ban ruwa da ban hannu. Bangaskiya ke nan ba da gaskiya, wato mutum ya yarda da abu har cikin ransa. Musulmi sun fi cewa imani, wadda aka aro daga Larabci. Kiristoci masu jin Hausa kuwa bangaskiya suka riƙe a wa'azi da addu'a, kuma ita ce ta cika Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932.

A koyarwar Kirista, ana kwatanta rashin bangaskiya da makantar zuciya. Yohanna sura 9 ta ba da labarin wani da aka haifa makaho. Yesu ya shafa masa taɓo a ido, ya aike shi ya wanke a tafkin Siluwam, ya dawo yana gani, daga baya kuma ya ba da gaskiya. Farisiyawa masu lafiyayyun idanu suka yi ta tuhumar mutumin har suka kore shi, su ne labarin ya nuna a matsayin makafin gaske.

Ana cewa mai bangaskiya, marar bangaskiya ko ƙarancin bangaskiya. Aikatau ɗin kuwa a rabe yake zuwa: ya ba da gaskiya ga Almasihu.