Lambar Yabo Ta Lincoln: Inda Matasa Ke Zaɓen Gwarzon Littafi

A bisa al'ada, masana da masu sharhi ne ke yanke hukunci kan littafin da ya cancanci karramawa. Amma a jihar Illinois ta Amurka, ɗaliban babbar sakandare ne ke da wuƙa da nama a kan Lambar Yabo ta Lincoln.

An fara bayar da lambar a shekarar 2005, ƙarƙashin ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu na makarantun jihar. Ta ci sunan Abraham Lincoln, shugaban Amurka na 16, wanda ya yi aikin lauya a Springfield, babban birnin jihar. Zamansa a aji bai wuce kimanin shekara guda ba, yawancin iliminsa daga littattafai ya samo shi.

Kowace shekara akan fitar da jerin littattafai kimanin 20, kuma sai ɗalibi ya karanta aƙalla huɗu kafin ya samu damar kaɗa ƙuri'a. Littafin Twilight na Stephenie Meyer ya yi nasara a 2008, The Hunger Games na Suzanne Collins kuma a 2011.

Manufar ita ce matashi ya saba da karatu don ra'ayin kansa, ba don jarrabawa kaɗai ba.