Allo, gafaka da harji

Manhajojin tsara aiki irin su Trello, wadda ta fito a 2011, kalmomi kaɗan suka ginu a kai: allon da ake baje aiki, katin da ke ɗauke da batu guda, da mahaɗin da ke kai mutum daga wannan batu zuwa wancan. Wanda ya san tsangayun Matameye, a kan hanyar Damagaram zuwa Daura da Kano, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Malaman ƙasar Hausa sun daɗe da kasa ilimi haka, kuma tsadar takarda ce ta koya musu.

A ƙarni na 19 daga Italiya takarda take fitowa, mai tambarin jinjirin wata uku, ayarin raƙuma ya ɗauko ta daga Tarabulus ya ratso hamada da ita. Wa zai ɓata irin wannan kaya a kan abin da bai nuna ba? Sai allo ya zama wurin gwaji: gardi ya feƙe alƙalamin gamba ya yi satu, alaramma ya yi masa darasu, in karatu ya zauna a wanke allon a jingine shi a rana. Abin da ya tabbata kaɗai ke hawa takarda, ita ma ba a ɗinke ta. Warƙoƙi ne sake a cikin gafaka, an rubuta kalmar farko ta warƙar gaba a ƙasan wadda ta gabace ta, don ko sun watse a iya jera su. Malami kan zare warƙa ɗaya daga Risala ya miƙa wa ɗalibi, sauran na nan a hannunsa. Harji kuwa shi ne mahaɗin: gwani ya rubuta a gefe sau nawa lafazi ya zo a Alƙur'ani, don kada ayoyi masu kama da juna su rikita mahaddaci.

Za a ce kwatancen ya yi nisa, tunda tsangaya hadda take nema, manhaja kuwa mutum goma a garuruwa goma ke aiki a kanta lokaci guda. Na biyun gaskiya ne, allon icen aduwa ba ya iya wannan. Amma na farkon ya raina harji, wanda ƙirge ne da bin diddigi, ba maimaici ba. Akwai ma inda tsangaya ta yi gaba. Wurin ajiya ya yi wa manhaja arha, ba abin da ke tilasta a wanke, sai ka buɗe ka tarar da katin bara da aka fasa aikinsa zaune kusa da na jiya.