Yadda ake haɗa bututun sanyaya injin jirgin ruwa mai gudu da feshi

Jirgin ruwa mai gudu da feshi ba ya da farfela a waje. Famfo ne ke zuƙo ruwa daga ƙarƙashinsa, ya feso shi ta baya da ƙarfi. Injiniya William Hamilton na ƙasar New Zealand ne ya inganta fasahar a shekarar 1954, domin kogunan da ba su da zurfi.

Galibin irin waɗannan jirage ba su da lagireto. Daga jikin famfon ake jawo tiyo zuwa inji, ruwan ya zagaya silinda, ya sanyaya salansa, sannan ya koma kogi.

Matsalar ita ce ƙarfin ruwan yana ƙaruwa yayin da inji ke ƙara gudu. Idan ya wuce kima, yakan fasa gasket, ruwa ya gauraya da baƙin mai har ya yi fari kamar madara. Saboda haka ake sanya bawul mai rage ƙarfi kafin ruwan ya isa inji, tare da bututun zubar da rarar.

Ana kuma sanya mataci domin tare yashi, wanda kan toshe hanyoyin ruwa har inji ya ɗau zafi.

Idan za a gwada injin a tudu da tiyon gida, sai an tayar da shi kafin a buɗe ruwa, a kuma rufe ruwan kafin a kashe shi, don kada ruwa ya bi salansa ya shiga silinda.