Kyautar malamin yaro: me ake bayarwa, yaushe, kuma ta hannun wa

A ƙasar Hausa ba a ɗauki yi wa malami alheri a matsayin baƙon abu ba. Uban da ya ga ɗansa ya fara haɗa baƙi, ko uwar da 'yarta ta karanta mata takardar likita, sukan so su nuna godiya da wani abu na hannu. Sai dai kyautar da ta faranta ran wani malami tana iya jefa wani cikin zargi, tana kuma iya sa yaron da gidansu ba su da hali ya ji kunyar shiga aji. A ƙaramar hukumar Dogo-Dogo, cikin gundumar Dungas da aka cire daga Magarya a 2011, a jihar Damagaram, yawanci yaro ɗaya yana da malamai biyu ko uku: na allo da asuba da dare, mushe ko madam a lakol, wani lokaci har da na Islamiyya. Kowanne da irin kyautar da ta dace da shi.

Bambancin malamin allo da na lakol

Malamin makarantar allo ba ya karɓar albashi daga gwamnati. Abin da iyaye suke ba shi yana cikin abin da yake rayuwa da shi, tare da gonarsa. Shi ya sa al'ada ta tsara masa hanyoyi sanannu: kuɗin Laraba da yara suke kaiwa kafin hutun Alhamis da Juma'a, sadakar da ake yi idan yaro ya kai wasu surori ko ya cika wasu izifai, damin hatsi da kaka, da kuma babbar kyautar ranar sauka, wadda kan haɗa da tufafi, kuɗi ko dabba gwargwadon ƙarfin gida. Wannan ya fi kusa da hakki, kuma uban da yake da hali ya yi biris da shi ya gaza.

Malamin lakol ma'aikacin gwamnati ne, ko yana cikin waɗanda aka ɗauka aiki na dindindin ko cikin 'yan kwantiragi, waɗanda su ne suka daɗe suna riƙe da yawancin azuzuwan karkara a Nijar, kuma sau da yawa kuɗinsu na wata yakan yi jinkiri. Shi ne yake ba da maki, shi ne yake da baki wajen cewa yaro ya wuce daga CE2 zuwa CM1 ko ya maimaita. Duk abin da ya shiga hannunsa daga gidan ɗalibi, mutane za su auna shi da wannan iko. Don haka kyautarsa tana bukatar lura fiye da ta malamin allo.

Malamin Islamiyya yana tsakani. Inda ake biyan kuɗin wata kuma ake jarrabawa ana fitar da na ɗaya da na biyu, a bi shi da ƙa'idar lakol. Inda yake koyarwa don Allah ba tare da wani tsayayyen biya ba, a bi shi da ƙa'idar allo.

Abin da magabata suka tsara

Maganar ta daɗe a littattafan mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mutanen yankin suke bi. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Ƙairawan a Tunisiya ta yau, wanda ya rasu a shekarar 870, ya rubuta littafi kan ladubban masu koyar da yara mai suna Adabul Mu'allimin. A ciki ya yarda malami ya karɓi ladan koyarwa da kyautar sauka, amma ya hana shi ɗora wa yara kawo wata kyauta bayan ladansa, ya kuma nuna cewa goron sallah ba tilas ba ne, sai wanda ya yi don ransa. Ya wajabta wa malami daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka wajen koyarwa.

Akwai kuma labarin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah (SAW) ya aika karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kaso ya ce shi aka ba kyauta. Annabi ya tsawatar, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa, da an ga ko za a kawo masa. Malamai sun ɗauko ma'auni daga nan: idan kujerar da mutum yake kai ce ta jawo kyautar, kuma mai bayarwa yana jiran wani hukunci daga wannan kujera, to akwai matsala. Uba yana iya yi wa kansa wannan tambaya kafin ya aika da komai: in da sakamakon yarona ya riga ya fito, zan ba da wannan abu?

Lokacin bayarwa

A lakol, lokaci ya fi girman kyauta muhimmanci. Shekarar karatu tana farawa a watan Oktoba, ta ƙare wajen Yuni. Mafi tsabtar lokaci shi ne bayan an raba sakamakon ƙarshen shekara, kafin malami ya tafi babban hutu. A sannan babu sauran abin da za a saya, godiya ce zalla. Haka nan ranar da aka yi wa malami canjin wurin aiki, ko ranar da yaro ya bar ajinsa.

Bukukuwan rayuwa ma ƙofa ce a buɗe. Idan an yi wa malami haihuwa, ko ya yi aure, ko an yi masa rasuwa, ko yana jinya, zuwa barka ko gaisuwa da ɗan abu a hannu zumunci ne irin wanda ake yi wa kowane maƙwabci. Sallah ƙarama da babba suna cikin wannan: ƙwaryar tuwon sallah ko tsokar naman layya ba ta da wata fassara, musamman ga malamin da aka turo daga Damagaram ko Matamaye bai samu zuwa gida ba.

Lokutan da ake gujewa su ne makon jarrabawa, kwanakin da ake gyaran takardu, ranar da aka kira uba saboda laifin yaro, da lokacin da ake shawarar wanda zai maimaita aji. A kwaleji, a ƙara da watannin da ke gab da jarrabawar BEPC. Ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba, wadda UNESCO ta fara raya ta a 1994, tana faɗowa daidai da komawa makaranta. Tun da shekara ce sabuwa, ya fi kyau abin da za a yi a ranar ya fito daga iyaye gaba ɗaya.

Abin da ya dace a bayar

Dogo-Dogo ƙasar noma da kiwo ce, kuma kyautar da ta fi zama daidai ita ce wadda ta fito daga abin da gida yake da shi. Da kaka, tiya biyu ko uku ta wake, gyaɗa ko riɗi tana da amfani ga malamin da ba shi da gona a garin. Da damina akwai ƙwan zabi da ɗanyar kuɓewa. Gidan da ke da shanu zai iya aika nono ko man shanu. Uwa mai sana'a tana iya ba da kwalbar man gyaɗa, ƙuli-ƙuli ko daddawa. Irin waɗannan ba sa nauyaya wa mai bayarwa, ba sa kuma ɗaure mai karɓa.

Daga kasuwa, abubuwan da aka saba su ne sabulu, turare, shayi da sukari, dardumar sallah, buta ko hula. Ga madam, kallabi ko turaren wuta. Kayan aiki ma suna shiga: jan biro na gyaran takardu, babban kaye na shirya darasi, jakar zuba takardu. A ƙauyen da babu lantarki, ƙaramar fitila mai aiki da hasken rana tana cikin abin da malami ya fi mora, domin da dare yake shirya darasin gobe.

Ga malamin allo, ban da abinci da tufafi, ana duba abin da makarantar take ci: tabarmi, itacen wutar karatun dare, tawada, alluna ga yaran da ba su da su, ko randar ruwa. Yinin gayya a gonarsa lokacin noman farko, wanda manya za su yi da kansu, ya fi kuɗin Laraba na watanni, kuma yana rage wa ƙananan almajirai aikin da ya fi ƙarfinsu.

Abin da ake gujewa

Kuɗi a ambulan ga malamin lakol shi ne ya fi saurin jawo magana, ko sefa ne ko naira, wadda take yawo sosai a garuruwan bakin iyaka. Haka tura masa kuɗin kati a waya a ɓoye. Abu mai tsada kamar wayar hannu, rago ko shadda mai daraja yana sa malami tsaka mai wuya: in ya karɓa ya zama mai bashi, in ya mayar ya ɓata da babban mutum a garin da yake baƙo. Ɗan kasuwar da ya dawo daga cin kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis da riba yana so ya yi alheri, zai fi samun lada idan ya saya wa ajin gaba ɗaya alli da littattafai.

Kada a ci bashi ko a taɓa hatsin ci don kyauta. Kada kuma a haɗa ta da roƙo. Da zarar an ce "ga wannan, a duba mana yaron", sunanta ya canza. Idan yaro yana da rauni a lissafi ko Faransanci, wannan magana ce ta daban da za a je a yi ta hannu sake, a wata rana.

Kyautar haɗin gwiwa

Hanyar da ta fi kare kowa ita ce iyayen aji su haɗa hannu. Makarantun gwamnati suna da inda za a yi wannan: kwamitin kula da makaranta da aka fi sani da COGES, ƙungiyar iyayen yara ta APE, da ƙungiyar iyaye mata ta AME. Idan gida 40 suka ba da dala 20 kowanne, an tara jika 4, abin da zai sayi fitila ko turmin atamfa mai sauƙi. Sharuɗɗan su ne kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, kada a karanta sunayen waɗanda suka bayar da waɗanda ba su bayar ba, kada a karɓa ta hannun yara a cikin aji, kuma a miƙa a bainar jama'a da sunan dukkan iyaye, da sanin darakta. A makarantar da ke da malamai uku ko huɗu, a yi wa kowa, har da mai gadi idan akwai.

Gari yana iya yin abin da ya wuce wannan. Malamin da aka turo ƙauye yakan fara da neman ɗakin kwana. Ba shi masauki mai kyau, yaɓe masa ɗaki kafin ruwa ya sauka, ko kafa rumfar aji da wuri don kada karatu ya yi jinkiri har bayan girbi, duk alheri ne da yake sa malami ya zauna maimakon ya nemi canji.

Wanda zai kai

Babba ne ya kamata ya kai, uba ko uwa ko wani dattijon gida, da rana, a gida ko bayan an tashi daga makaranta. Yaron da ya shigo aji da ƙunshi a hannu yana sa sauran su lura da wanda bai kawo ba. Yarinyar da ta fara girma kuwa, ba a aikenta ita kaɗai gidan malami namiji da abinci ko wani saƙo. Wannan kariya ce gare ta, kariya ce kuma ga sunan malamin. Idan malami ya ce ya gode amma ba zai karɓa ba, kada a ɗauka raini ne. Wasu sun ɗaukar wa kansu wannan ƙa'ida, kuma iyaye su ne suka fi cin ribarta.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A Faransa al'ada ce a ba malamin firamare cakulan ko furanni a ranar ƙarshe ta shekara, sau da yawa da kuɗin da iyaye suka tara. A jihar Masacusets ta Amurka doka ta hana malamin gwamnati karɓar kyautar da ta kai dalar Amurka 50 daga mutum ɗaya, amma ta yarda da ta aji har dalar Amurka 150 a shekara muddin ba a bayyana masa waɗanda suka bayar ba. Koriya ta Kudu ta fi tsanani: dokar da ta fara aiki a Satumban 2016 ta hana iyaye ba malamin da ke ba ɗansu maki kowace irin kyauta. Duk sun dogara ne kan abu ɗaya da na ɗan Sahnun, wato kada aljihun uba ya shiga tsakanin malami da ɗalibansa.

Idan malami ne ya nema, ko gida ba shi da hali

Malamin lakol da ya ɗora wa yara kawo kuɗi, hatsi ko itace don kansa, ko ya nuna cewa maki yana da farashi, ya fita daga batun kyauta. Matakin farko shi ne iyaye su yi magana da darakta ko shugaban COGES cikin sirri. Idan abin bai tsaya ba, sai a kai ga sufeton makarantu. Ya fi kyau iyaye da yawa su je tare, don kada a gane yaro ɗaya a huce a kansa.

Gidan da ba shi da abin bayarwa bai rasa hanya ba. Uba ya tako har makaranta ya gaida malami, ya ce "Mushe, mun ga ƙoƙari, Allah ya saka", abu ne da malaman karkara ba sa samu kullum. Haka turo yaro a kan lokaci, da barinsa ya zo aji ranar kasuwa da lokacin roron wake, da zuwa taron iyaye idan an kira. Yaron da ya iya rubutu kuma yana iya rubuta wa malaminsa godiya da hannunsa a takardar kaye, ya miƙa masa ranar da aka ba da hutu.