Yadda ake ƙidaya kifi da amsa-kuwwa, da abin da hakan ke nufi ga masuntan Gwaram da Birnin Kudu

Busasshen kan kifin nan da ake kira sitokfish, wanda 'yan ƙabilar Ibo ke ce wa okporoko, Yarbawa kuma panla, yana isowa kasuwannin Najeriya ne daga arewacin ƙasar Norwe. Mafi yawansa kifin kod ne da danginsa, kuma Najeriya na sahun gaba a cikin masu sayensa. Kafin a ba masuntan Norwe izinin kama shi, masana sukan shiga teku su kimanta yawansa a wuraren da yake taruwa domin zuba ƙwai, suna amfani da sauti. A kan irin wannan ƙiyasi hukumomi ke yanke adadin da za a kama a shekara.

A kudancin Jigawa, masuntan da ke su a Kogin Bunga ta ɓangaren Gwaram, da waɗanda ke bin rafuka da tafkunan Birnin Kudu, su ma rayuwarsu ta rataya ne a kan yawan kifin da ya rage a ruwa da yawan wanda zai hayayyafa idan damina ta sauka. Ga bayanin yadda dabarar take aiki, inda take da amfani, da inda ba za ta yi tasiri ba.

Yadda na'urar ke aiki

Na'urar amsa-kuwwa tana manne a ƙarƙashin jirgi. Takan harba gajeren sauti zuwa ƙasan ruwa, sannan ta saurari abin da zai dawo. Sauti yana tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya a cikin ruwan teku. Idan amsar ta dawo bayan ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, sautin ya yi tafiyar mita 300 zuwa da dawowa, ke nan abin da ya ci karo da shi yana zurfin mita 150.

Jinkirin amsar shi ke nuna zurfi, ƙarfinta kuma shi ke nuna yawa. Galibin kifaye suna da jakar iska a cikinsu wadda ke taimaka musu su tsaya a zurfin da suke so ba tare da wahala ba. Da yake iska da ruwa sun sha bamban wajen ɗaukar sauti, wannan jaka ita ce ke mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na amsar da ake ji daga jikin kifi. Kifin kod yana da babbar jaka, shi ya sa yake fitowa sarai a allon na'ura. Sautin da aka fi amfani da shi a wannan aiki shi ne mai kilohaz 38, wanda ya fi ƙarfin jin kunnen ɗan Adam.

Jirgin bincike ba ya yawo yadda ya ga dama. Ana shata masa layuka a kan taswira tun kafin ya tashi, masu tazara daidai da juna, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kwamfuta tana tara jimillar amsar da aka samu a kowane yanki. Daga nan sai a raba jimillar da matsakaicin amsar kifi guda, a sami yawan kifi a kowace murabba'in kilomita, a ninka da faɗin yankin baki ɗaya.

Sauti shi kaɗai ba ya faɗin sunan kifi ko shekarunsa. Saboda haka a kan jefa koma a inda aka ga taro, a fito da samfur, a tantance nau'i, a auna tsawo da nauyi, a duba ko ƙwai ya nuna. Akwai wata 'yar tsakuwa a cikin kunnen kifi mai zobba-zobba kamar na kututturen itace, wadda ake ƙirgawa a san shekarunsa. Ita kanta na'urar ana gwada sahihancinta kafin a fara, ta hanyar rataya ƙwallon ƙarfe wanda aka riga aka san ƙarfin amsarsa a ƙarƙashin jirgin.

Dalilin zaɓen wurin zuba ƙwai

Kifin kod na Tekun Barents yakan kai shekara shida zuwa takwas kafin ya balaga. Daga nan, tsakanin Janairu da Afrilu na kowace shekara, yakan yi ƙaura ta kusan kilomita 1,000 zuwa gaɓar Norwe, musamman tsibiran Lofoten, domin hayayyafa. Kifin da yake warwatse a faɗin teku duk shekara sai ya haɗu a ƙaramin wuri, kuma waɗanda suka haɗu su ne iyaye, wato jarin da ake dogaro da shi. Ƙidayarsu a wannan lokaci ta fi sauƙi, ta fi kuma ma'ana.

A wannan wuri ne dabarar ta fara nuna amfaninta. A shekarar 1935, masanin Norwe Oscar Sund ya wallafa hoton amsa-kuwwa na taron kod a mashigin Vestfjord, wanda aka ɗauka daga jirgin bincike mai suna Johan Hjort. A yau Cibiyar Binciken Teku da ke birnin Bergen ce ke yin wannan ƙidaya a kowace shekara wajen watannin Maris da Afrilu. Ana haɗa sakamakon da na sauran bincike da bayanan kamun masunta, sannan hukumar haɗin gwiwa ta Norwe da Rasha, wadda ke zama tun shekarun 1970, ta yanke adadin kamu. A 2013 adadin ya kai tan miliyan 1. Da bincike ya nuna ƙananan kifayen da ke tasowa sun ragu, sai aka riƙa rage shi har ya sauko tan 340,000 a 2025.

Darasin Kanada

Wanda bai ƙirga jarinsa ba yakan ci uwar kuɗi yana zaton riba ce. A gaɓar Newfoundland ta ƙasar Kanada, kamun kod ya kai tan 810,000 a 1968. A shekarun 1980 manyan jiragen kamfanoni sun ci gaba da cika komarsu, mahukunta suka ɗauki hakan a matsayin shaidar cewa kifi na nan, duk da cewa ƙananan masunta na bakin gaɓa suna kukan kamunsu yana raguwa, kifin kuma yana ƙanƙancewa. Abin da ya faru shi ne, ragowar kifin ya dunƙule a wurare kaɗan, jiragen kuma suna da na'urorin gano waɗannan wurare. Binciken masanin Kanada George Rose da abokan aikinsa ya nuna daga baya cewa kamun jirgi zai iya ƙaruwa alhali jimillar kifin tana durƙushewa.

Ranar 2 ga Yuli, 1992, gwamnatin Kanada ta haramta kamun. Mutane wajen 30,000 suka rasa sana'a. An yi tsammanin haramcin zai ɗauki shekara biyu, amma sai a 2024 aka sake buɗe kamun kasuwanci, shi ma da tan 18,000 kacal.

Masuncin Gwaram ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba. Idan rani ya tsananta, Kogin Bunga yakan ja baya ya bar gurabu masu zurfi, kifi ya taru a ciki. Wanda ya ja taru a irin wannan gurbi zai cika kwando, amma cikar kwandon ba ta nuna kifi ya yi yawa a kogin. Waɗanda ya kwashe su ne za su fantsama cikin fadama su yi ƙwai da ruwan farko.

Inda dabarar ke da rauni

Na'urar ba ta ganin kifin da ya kwanta dab da ƙasa, domin amsar ƙasa takan danne tasa. Ba ta ganin wanda ke saman ruwa kusa da jirgi. Ƙarar inji takan kori wasu. Ƙarfin amsar kifi guda yana canzawa gwargwadon yadda ya karkata jikinsa, kuma kuskuren desibel uku kawai a wannan ma'auni yana iya ninka ƙiyasin ko ya raba shi biyu. Saboda haka masana sun fi dogara ga sauyin da ake gani shekara bayan shekara, da jirgi iri ɗaya a kan layuka iri ɗaya, fiye da adadin shekara guda.

A ruwayen kudancin Jigawa waɗannan matsaloli sun fi tsanani. Tarwaɗa tana rayuwa a ƙasan ruwa, jakar iskarta ƙarama ce kuma ƙashi ya lulluɓe ta, don haka amsarta ba ta da ƙarfi. Tana zuba ƙwai a cikin ciyawar da ambaliya ta shafe, inda ruwa bai kai gwiwa ba. Karfasa tana haƙa gurbin ƙwai a rairayin bakin ruwa. Gaiwa kuwa a cikin laka take shafe rani. Ga shi kuma a gurbi ɗaya za a tarar da kurungu da ragon ruwa da kawara a cakuɗe, saɓanin Lofoten inda kod ya rinjayi taron. Na'urar da ke duban ƙasa daga jirgi ba za ta yi aiki a fadama ba.

Inda za ta yi amfani shi ne ruwa mai zurfi da sarari, kamar madatsun Tiga da Challawa a Jihar Kano. A koguna kuma akwai wata na'ura da ake kafawa a gefe tana duban ƙetaren ruwa, tana fitar da hoto mai motsi ko da ruwan ya gurɓace. Da irinta ake ƙirga kifin salmon da ke haurawa wasu kogunan Alaska a Amurka. A bisa ƙa'ida za a iya kafa ta a ƙuntataccen mashigi a ƙirga kifin da ke haurawa da farkon damina, sai dai tana da tsada kuma tana buƙatar ƙwararru.

Abin da aka yi a Afirka da Najeriya

A Tafkin Victoria, ƙasashen Kenya da Tanzaniya da Yuganda suna gudanar da ƙidayar amsa-kuwwa ta haɗin gwiwa tun 1999, suna bibiyar giwan ruwa da wani ƙaramin kifi da ake kira dagaa. A teku kuma, jirgin bincike Dr. Fridtjof Nansen, ƙarƙashin shirin Norwe da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya wanda ya fara a 1975, ya yi aiki a Tekun Gini har da gaɓar Najeriya.

A ruwayen cikin ƙasa, Najeriya ta fi dogara ga hanyoyi biyu masu araha. Ta farko ita ce ƙirga masunta da kwale-kwale da kayan su ƙauye bayan ƙauye. Ta biyu ita ce zuwa bakin ruwa a zaɓaɓɓun ranaku a auna abin da aka kamo. Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa, wadda ta samo asali daga aikin binciken Tafkin Kainji na 1968, ta yi irin wannan aiki a Kainji tare da tallafin Jamus a shekarun 1990, aka kuma jawo sarakunan ruwa cikin sha'anin lasisi da sa ido. Wannan tsari ya fi dacewa da Gwaram da Birnin Kudu. Abin da yake buƙata shi ne sikeli da ma'aunin tsawo da littafi, da malamin da za a biya ya riƙa zuwa bakin kogi ba fashi har tsawon shekaru.

Abin da ke kan faifai

Kogin Bunga, wanda ya taso daga tsaunukan Filato ya zama Kogin Jama'are a can gaba, ba shi da babbar madatsa a kansa, saɓanin Kogin Hadeja da Tiga ta tare tun 1974, Challawa kuma tun 1992. Amma akwai shirin gina madatsar Kafin Zaki a ƙasar Ningi ta Jihar Bauchi, sama da Gwaram, wanda aka faro tun zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka tsayar aka sake tayarwa fiye da sau ɗaya. Bauchi na son ta domin noman rani, Yobe da Borno kuma sun daɗe suna nuna damuwa kan ruwan da zai rage musu. A kogunan fadama, yawan kifin da ake kamawa yana bin faɗin ambaliyar damina. Idan aka gina madatsar ba tare da an san yawan kifin da ake kamawa yanzu ba, masuntan da ke ƙasa da ita ba su da hujjar da za su nemi diyya da ita, gwamnati ma ba ta da abin da za ta auna asarar da shi.

Doka ta riga ta ba da madogara. Dokar Kamun Kifi a Ruwayen Cikin Ƙasa ta 1992 ta hana amfani da guba da abubuwan fashewa da lantarki, ta hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba in ban da ta wasu ƙananan kifaye, ta ba hukumomin jiha ikon rufe wani ruwa na wani lokaci, ta kuma wajabta a yi wa kifi hanyar wucewa a duk inda aka gina madatsa. Sai dai rufe ruwa a lokacin zuba ƙwai yana buƙatar a san wane gurbi ne, wane wata ne, kuma nawa ya rage a ciki.

Ƙididdigar da gwamnatin tarayya ke yawan ambata ita ce ƙasar na buƙatar tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, tana samar da kusan sulusin haka, sauran kuma daga waje ake neman cikewa, har da sitokfish na Norwe. Duk lokacin da aka ware kuɗi a kasafin jiha domin zuba 'ya'yan kifi a tafkuna ko raba wa masunta raga, ɗan majalisar da ke wakiltar Gwaram ko Birnin Kudu yana da damar neman takarda a rubuce: nawa ake kamawa a wannan ruwa kafin shirin, wa ya auna, kuma yaushe za a sake aunawa.