Ƙarin kuɗin haya saboda ƙaruwar mazauna gida: matsayin fiƙihu da doka

Ƙarin kuɗin haya saboda ƙaruwar mazauna shi ne mai gida ya nemi fiye da abin da aka yi jinga a kai, don an samu waɗanda suka ƙaru a ɗakin da ya bayar. Ana cin karo da shi a garuruwan kan hanya irin su Kwanar Ɗangora, a kan titin Kano zuwa Zariya, da hedikwatocin ƙananan hukumomi irin su Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, inda ma'aikaci ko ɗan kasuwa kan kama ɗaki shi kaɗai, daga baya amarya ta tare, ko ƙane ya zo karatu.

Hujjar masu gida ita ce yawan jama'a na janye ruwan rijiya, yana cika masai da wuri, yana kuma ƙara kuɗin wuta idan mita ɗaya ce. 'Yan haya kuwa suna ganin ɗaki suka kama, ba kawuna aka ƙirga ba.

A fiƙihun Malikiyya

Littattafan da alƙalan Kotunan Shari'a ke komawa gare su, kamar Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam, sun sanya haya cikin ƙulle-ƙullen da ke ɗaure ɓangarorin biyu, kuma dole kuɗin ya zama sananne tun farko. Ɗan haya ya mallaki amfanin gidan har ƙarshen wa'adi, yana da damar zama da iyalinsa, ko ya zaunar da wanda cutarwarsa ga ginin ba ta wuce tasa ba. Saboda haka mai gida ba shi da ikon ƙara kuɗi a tsakiyar wa'adi don an yi aure ko haihuwa.

Hukuncin yana canzawa idan an gindaya sharaɗin yawan mazauna lokacin ƙulla hayar, ko kuma cunkoson ya wuce abin da al'adar garin ta sani har yana lalata gida. A nan mai gida na da haƙƙin hanawa.

A dokar ƙasa

Haya yarjejeniya ce. A shari'ar Udih da Izedonmwen ta 1990, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bayyana cewa ƙarin da mai gida ya yi shi kaɗai tayi ne kawai, ba ya hawa kan ɗan haya sai ya amince. Idan ya ƙi, abin da ya rage wa mai gida shi ne ya ba shi notis. Inda ba a yi wata yarjejeniya ba, dokar karɓar gida ta Abuja, da makamantanta a jihohi, ta tanadi wata 1 ga mai biyan wata-wata, wata 6 ga mai biyan shekara, sannan notis na kwana 7 kafin a garzaya kotu. Cire ƙofa, kwance rufi ko watso kaya waje ba tare da umarnin kotu ba saɓa doka ne. Jihar Legas ta ƙara da bai wa ɗan haya damar ƙalubalantar ƙarin da ya wuce ƙima, a dokarta ta 2011.

Bambancin haya da kuɗin hidima

Yawancin rigingimun na tasowa ne daga cakuɗa abu biyu. Kuɗin wuta da ruwa da yashe masai suna bin yawan masu amfani, ana iya raba su bisa kawuna. Kuɗin ɗaki kuwa yana nan yadda aka yi jinga, sai lokacin sabunta haya a sake ciniki.

Idan saɓani ya taso, akan fara da dillalin da ya haɗa hayar, sai mai unguwa ko dagaci, sai Hukumar Hisbah, kafin kotu. A kowane mataki, takardar yarjejeniya mai shaidu da rasit ɗin biya su ne ke raba gardama.