Asalin Ta'adar Gyaran Motar MG a Gida

Duk wanda ya bi tarihin ƙananan motocin nan masu gudu na ƙasar Ingila, masu kujera biyu da rufin tamfol, zai tarar cewa ta'adar da masu su suka shahara da ita, watau mutum ya tuɓe kwat ran Asabar, ya kwanta ƙarƙashin motarsa da sifana a hannu, larura ce ta haife ta, sha'awa daga baya ta shigo. Cecil Kimber, wanda yake manajan garejin William Morris a birnin Oxford, shi ya fara ɗaukar inji da sauran kayan motar Morris ta yau da kullum, ya ɗora musu jiki mara nauyi, aka sa wa abin suna MG, kuma a 1929 aka mai da masana'antar garin Abingdon. Da yake kayan na motar talakawa ne, ga araha ga sauƙin fahimta, masu sayenta kuwa galibi samari ne waɗanda aljihunsu bai kai burinsu ba, sai ya zamana kowa shi ke ɗura wa motarsa giris, shi ke juye mata baƙin mai.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu hukumar Ingila ta riƙa raba wa masana'antu ƙarfe gwargwadon abin da suke sayarwa ƙasashen waje, saboda haka MG TC, wadda aka ƙera guda 10,000 tsakanin 1945 da 1949, ta bazu har Amurka, inda bakaniken ƙauye bai taɓa ganin irinta ba, balle ya mallaki sifanar da za ta kama notinta. Mas'alar notin nan kuwa abin al'ajabi ce, domin a 1923 Morris ya sayi masana'antar injuna ta kamfanin Faransawa mai suna Hotchkiss a Coventry, ya ci gaba da yanka zaren kusoshi bisa awon Faransa, alhali kawunansu bisa awon da Joseph Whitworth ya tsara ne a 1841, har ya zama wanda ya ɓatar da noti guda sai ya yi ta yawo kafin ya sami madadinsa.

Amma inda hikimar masu wannan ta'ada ta fi bayyana shi ne wajen kafireta biyu na SU, waɗanda wajibi ne su ja iska daidai wa daida, in ba haka ba inji ya yi ta rawa yana tari. Magabata ba su da ma'auni, sai mutum ya ɗauki guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan a bakin kafireta, ya saurari hucin wannan, ya koma ya saurari na waccan, yana murza noti sannu sannu har muryoyin biyu su haɗu, kana ya kwance murfin saman kowace ya ɗiga mata ɗan mai. Haka nan famfon fetur mai aiki da lantarki: in aka murza makulli ba a ji yana ƙas-ƙas-ƙas ba, an san ya maƙale, maganinsa a ƙwanƙwasa shi da gindin sifana, ya farka ya kai mutum gida. Duk da haka ijma'in masana shi ne kada a taɓa kafireta sai an gama binciken wuta, an goge fulogi, an auna ratar kwantak ta tsaya a inci 0.015, domin akasarin illar da ake ɗora wa kafireta daga can take fitowa.

Wutar kuwa ta kamfanin Lucas ce na Birmingham, wanda tsofaffin bakanikenmu suka sani a jikin Land Rover da Morris Minor, wanda kuma Turawa suka yi wa laƙabi da Sarkin Duhu don yawan mutuwar fitila. A ganina an zalunce shi ƙwarai, domin in an bi diddigi sai a tarar laifin na tsatsa ne da ta ci bakin waya, ko ta raba wayar da ke haɗe da jikin mota, a ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa, ake kuma barbaɗa gishiri a hanya lokacin hunturu. Batir biyu masu bolt 6 da aka ɓoye bayan kujerun MG ƙirar MGB har 1974, wa ke tunawa ya leƙa su?

Wannan ilimi a baka ake karɓarsa, sai littafin masana'anta wanda aka rubuta don ƙwararru, har Allah ya kawo John Haynes, hafsan sojan sama, wanda a 1965 a Aden ya taimaki wani abokin aikinsa suka wargaza motar Austin-Healey Sprite, yana ɗaukar hoton kowane mataki. Littafin da ya haɗa da hotunan ya fito a 1966, ya zama tamkar sharhi ga matanin da ya gagari almajirai.

A watan Oktoba na 1980 aka rufe masana'antar Abingdon, bayan ta ƙera MGB fiye da rabin miliyan, amma ƙungiyoyin masu motar, irin su MG Car Club da aka kafa tun 1930, suka riƙe sana'ar, kuma a 1988 kamfanin British Motor Heritage ya koma buga sabon jikin MGB da ainihin injunan da aka buga na farko. To, mai karatu, in ka yi niyyar sayen ɗaya, ka fara durƙusawa ka duba ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, domin shi ke riƙe da motar, kuma nan tsatsa take fara ci.